Kitson Murjanatu

Ranar da labarin ya same ni, ina tsaye a kan wata mata ina yi mata kitso a shagon da nake aiki a Satwa, wata unguwa a ƙasar Larabawa. Lokacin korona ta shigo, kowa maganarsa za a rufe gari. Wayata ta yi ƙara, na ga lambar Madam Rima, Balarabiyar da 'yata Murjanatu take yi wa renon yaro. Hannuna duk mai, sai na ce wa Clara ta ɗauka. Clara 'yar Kagoro ce, ɗakinmu ɗaya, kuma ita ce mai jin Turanci a cikinmu.

Tana cikin sauraro sai ta juya mini baya. Da ta ajiye wayar ta ce, "Mama Barira, zauna."

"Ba zan zauna ba. Faɗa mini."

"Murja ce. Ta faɗa ruwa."

"To, an ciro ta?"

"An ciro ta, Mama." Sai ta toshe baki da hannu.

Matar da nake wa kitso ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kai ta fita tana salati. Ni kuwa ina tsaye da tsinken kitso a hannuna.

Madam da mijinta sun tafi hutu ne wani tsibiri a Maldives, suka tafi da Murja saboda yaron. Tun da aka ce da ita za a je ta hana ni sakat. Ana gobe tafiyar ta zo Satwa ta zauna a gabana ta ce, "Umma, ƙanana-ƙanana za ki yi mini, wanda zai kai ni har in dawo. Can ba mai kitso."

Na ce, "Ke da kullum kike kukan zafin hannuna?"

"Zan daure. Kar in je da kai a tsefe in kori kifayen mutane."

Na zauna na yarfa mata shuku siriri kamar zare, tun hantsi har la'asar. Na ƙeya na matse su sosai, don nan ne yake fara tsufa. Tana ta cewa, "Wayyo Umma, kai ne fa, ba tabarma ba."

Da suka isa kullum sai ta turo mini murya. Wai ɗakunan a kan ruwa aka kafa su, tsakar ɗakin gilashi ne, kana kwance kana kallon kifi. Wai akwai wani mutum da ba shi da aiki sai share yashi da safe don kada baƙi su ga sawun jiya. Wai karin kumallo a faranti ake sako shi yana yawo a kan ruwa har ya iso wa Madam. Ta ce, "Umma, ko tsire suka ce suna so, ina jin kifi ne zai kawo musu a baki." Na ce ta dai riƙe salla, ta yi nesa da ruwan nan, mu mutanen Gusau ba mu san shi ba.

Yaron ne ya zame daga kan gadar katako. Ta bi shi. Ma'aikatan otal sun ciro yaron da ransa.

Ranar ban san inda ban je ba. Na je wajen masu sayar da tikiti, suka ce ba jirgi, ko da akwai ma ba za a bar ni in shiga ƙasar ba. Ni da Clara muka hau tasi zuwa unguwar Al Quoz wajen Mubashir, wani ɗan Kano mai aikin kargo, na durƙusa masa a bakin sito. Na ce, "Ɗana, kai da kake aika firiji har Kano, ka kawo mini 'yata."

Ya cire hularsa ya riƙe. "Mama, wallahi da da hanya da na bi. Takardun gawa ba sa fitowa a kwana ɗaya, filin jirgi kuma rufe shi za a yi. Ki bari a yi mata sutura a can, Musulmi ne mutanen."

Na ce to wa zai yi mata wanka? Ni na yi mata na farko. 

Washegari da hantsi Madam ta kira a bidiyo, ta wayar Clara. Tsibirin otal ɗin ba maƙabarta, sai aka ɗauki Murja a kwale-kwale zuwa wani tsibirin masunta da ke kusa. Na ga ɗan ɗaki mai farin fenti, na ga wata tsohuwa ƙanƙanuwa da aka ce ita ke wankan gawa a garin, sunanta Khadija. An lulluɓe Murja da zane, kanta kawai aka bari. Ba zan faɗi yadda na ji ba, don ban iya ba.

Madam tana magana, Clara tana fassara mini. Wai tsohuwar ta ce dole a warware gashin kafin wanka, ruwa ya ratsa, sannan a raba shi uku a kitse. Amma sun duba sun duba, ba su ga bakin zaren ba. Su gashinsu santsi ne da shi, ba su taɓa ganin irin wannan ba. Sai na ga hannun tsohuwar ya shigo da almakashi.

Na yi ihun da sai da maƙwabtanmu 'yan Filifin suka buga bango. "Kar ta taɓa! Clara, ce mata kar ta yanke! Ba zare ba ne, gashinta ne!"

"Mama, wai ba lokaci. Kwale-kwale na jiran su Madam, jirginsu na ƙarshe yau ne."

"Su tafi! Su bar mini ita haka! 'Yar da ban ga fitar ranta ba, ban wanke ta ba, kuma a kai ta kabari da kai a gwaigwaye? Ce mata ni na kitsa, ni zan tsefe."

Ta bayan Madam ina jin mijinta yana buga ƙofa yana cewa, "Yalla, yalla," wai su yi sauri. Na rasa yadda zan yi. Bakina bai iya yarensu ba, hannuna kuma ba ya kaiwa.

Sai Clara ta jingina wayar da gwangwanin madara a kan kujera, ta fizge ɗankwalinta, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Kitson da ke kanta ni na yi mata shi. Ta ce, "Nuna musu a kaina, Mama. Ki ja yadda kike so, yau ba zan yi ƙorafi ba."

Na ɗauki tsinkena na ɗaga wa tsohuwar. Ta waiga, ta fita, ta dawo da tsinken ganyen kwakwa. Na kama jela ɗaya ta Clara, na soka tsinken a can ƙarshe, na zare. Na ƙara hawa kaɗan, na zare. Larabcin da na sani bai fi na sayen tumatir ba, shi na yi ta maimaitawa, ina nufin a bi a hankali. "Shwaiya, shwaiya. Daga ƙasa." Tsohuwar ta fara daga sama, gashin ya cukurkuɗe. Na ce a'a, a'a, na sake nuna mata. Clara kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a tayil, tana ta mayar da maganata Turanci.

Jela ta farko ta warware. Tsohuwar ta ɗaga ta ta nuna mini, ta ce, "Alhamdulillah." Wannan kam na ji ba tare da tafinta ba.

Amma kitson da yawa, ni na san abin da na yi. Mijin ya sake bugawa. Madam ta buɗe ƙofar kaɗan ta faɗa masa wata magana da ƙarfi, abin da na kama kawai shi ne "khalas", wato ya isa. Ta dawo ta miƙa wa wata yarinya wayar, ta naɗe hannun rigarta. Matar da ko kofin shayinta ba ta ɗaukewa. Ta zauna ta ɗaya gefen da dogayen faratanta tana tsifa tana kuka, tana cewa, "Habibti, habibti," wato masoyiyata. Ni ina tsefe Clara, su suna tsefe Murja. Na ce a shafa ɗan mai, aka kawo man kwakwa.

Sun gama gaba, sun gama tsakiya, saura ƙeya, inda na fi matsewa. Na ce wa Clara ta gaya musu nan sai an yi haƙuri, kar su ja. Kafin ta rufe baki hoton ya tsaya, wayar ta yanke.

Muka kira, muka sake kira, ba ta shiga. Na fita da gudu har bakin titi ina ɗaga wayar sama kamar mahaukaciya, Clara na bina da kai a tsefe. Na ce shi ke nan, sun ga ba na kallo, za su ɗauko almakashin. Azahar ta yi, ban san me na karanta a sallar ba.

Sai bayan la'asar saƙo ya shigo daga Madam. Hoto ne guda. Ba fuska, jela uku ne kwance a kan farin likkafani. Ta tsakiyar ta karkace, kitson wanda bai iya ba. Na buɗa hoton da yatsu na duba ƙeyar, na duba, na ƙara dubawa. Gashin yana nan da tsawonsa. Daga baya Clara ta ce jirgin ya tafi da mijin da yaron, Madam sai da ta daɗe a can kafin ta samu hanyar dawowa.

Har yanzu ina Satwa, ina kitso. Ban taɓa ganin kabarin da idona ba. Kullum in na idar da sallar asuba, kafin in ɗora ruwan shayi, sai in kai hannu ƙeyata in kamo jela ɗaya. In soka tsinke daga ƙasa, in warware ta a hankali har tushe, ba na ja. Sannan in mayar da ita in ɗaura ɗankwali.