Safa a Bakin Gora

Odell Crabtree ba mutum ne mai jiran kowa ba. Ranar aurensa ma a bakin titi ya bar ƙaninsa, saboda ƙanin ya tsaya neman takalmi. Amma ga shi bana, yana da shekara saba'in da huɗu, kullum yana zaune a baranda da kofi a hannu, wuya a miƙe, yana jiran tsuntsaye.

Goruna ashirin da huɗu ya rataye a bayan gida, bisa dogayen turakun ƙarfe biyu. Shi ya shuka dumar, shi ya fafe, ya huda wa kowane gora ƙofa, ya shafa farin fenti, ya sa lamba. Duk shekara da sanyi ya fara sassautawa a wannan lungu na Missouri, manyan tsattsewan nan masu baƙin shuɗi sukan taso tun daga Brazil su sauka a gorunansa, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, su cika unguwa da surutu har watan Agusta. Matarsa Imogene, kafin ta rasu, ta yi shekara talatin da ɗaya tana rubuta ranar zuwansu da fensir a bayan ƙofar sito. Ba su taɓa wuce ashirin da shida ga Maris ba.

Wannan ƙofar ce ta ja masa. A watan Janairu ya zame a kan ƙanƙara a matakalar baranda, ya karya wuyan hannu. 'Yarsa Lurleen ta taso daga Springfield, ta dubi hannun, ta dubi matakalar, ta ce ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta.

"In bar wa wa tsuntsayena?" in ji shi.

"Baba, bara mujiya ta cinye maka rabinsu. Kai da bakinka ka ce in mujiya ta shiga musu ba lallai su komo ba."

"Na ce ba lallai ba. Ban ce ba za su komo ba."

"To shi ke nan. In Ista ta yi ba su zo ba, zan zo da kwalaye mu tattara kayanka. In sun zo, na yi shiru."

Ya duba kalanda, ya ga Ista sai tara ga Afrilu. Ya tuna ƙofar sito. Har da miƙa mata hannun da bai karye ba suka tafa.

Ashirin da shida ga Maris ta zo ta wuce. Iska ta ƙi juyawa, kullum daga arewa take kaɗawa, da ruwan sama mai sanyi kamar na firji. Gorunan na lilo a sama, kowanne bakinsa toshe da dunƙulen tsohuwar safa, da doguwar igiya tana reto har ƙasa. Haka ake yi. Ba a buɗe gora sai an ga tsattsewar farko da ido, in ba haka ba gwara su riga su shiga su kafa gida, kuma gwara in ya shiga sai da yaƙi. Duk wanda ya ga Odell a coci da safa ƙafa ɗaya ruwan toka, ɗaya baƙa, ya san inda sauran suke.

A ɗaya gefen shingen akwai Virgil Stokes, tsohon direban motar madara. Shi ba ya harka da gora. Gidan kwano ya saya musu mai hawa uku, ɗaki goma sha biyu, ya ɗora a kan turke. Odell na kiransa otal. Shekara ashirin suna gasar wanda tsuntsu zai fara sauka a gidansa, kuma babu wanda ya taɓa yarda an kayar da shi.

"Mai goruna!" Virgil ya kira shi wata safiya, ya jingina da shinge. "Ina baƙin naka? Ko sun ji labarin Springfield sun fasa?"

"Je ka share otal ɗinka, tsoho. Jiya na ga gwara na fitowa daga hawa na biyu da iyalinsa."

"Leƙawa ya yi."

"Da ciyawa a baki?"

Virgil ya tofar da yawu. "In ka tafi, ka bar mini turakun nan. Zan shanya wanki."

Odell ya yi dariya, amma da ya koma ciki bai iya cin ƙwan da ya soya ba. Ya taɓa kwana a ɗakin nan na Springfield. Tagarsa ɗaya, tana kallon bangon garejin maƙwabta.

Ranar biyu ga Afrilu ya yi abin da ya sha zagin wasu a kai. Ya hau a-kori-kurarsa ya wuce gari biyu, inda ba a san fuskarsa ba, ya shiga shagon abincin dabbobi. Ya fito da tsattsewa shida na roba a cikin leda, da kaset na kukan da mazansu kan yi da asuba don kiran 'yan'uwa masu wucewa ta sama. Ya jira Virgil ya tafi aski, ya murɗa hannun ƙarfen da ke jikin turakun ya sauke gorunan, ya ɗaure robobin da waya a kan sandunan, ya mayar sama. Rediyon da zai sa kaset ɗin kuwa cikin tsohon bokiti ya ɓoye shi, bayan tankin ruwa.

Da asuba ya kunna. Bayan gida ya cika da wannan kukan mai kama da ruwa na zuba daga bakin kwalba, da ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarshe. Ya san ƙarya ce, shi ya saye ta da hannunsa, amma sai da ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Aibin kaset ɗin ɗaya ne. Wanda ya ɗauki sautin yana da kare, kuma a tsakiyar waƙar karen yakan yi haushi sau uku, wani mutum ya daka masa tsawa.

Kwana biyu babu abin da ya sauka. Virgil ma bai fito shinge ba.

A rana ta uku, kafin Odell ya kai hannu ga rediyon, sai ya ji kukan daga can gefen. Daga otal. Ya tsaya da silifas a cikin raɓa. To sun dawo ke nan. Sun dawo, sun dubi gorunansa, sun tuna da mujiya, sun tsallaka shinge sun kama haya a gidan kwano. Ya koma ya zauna a matakalar da ta karya shi. Ranar bai kunna komai ba. Har ya ɗauko wata tsohuwar jaka ya fara zuba hotunan Imogene.

Washegari ya fito ya ƙara azabtar da kansa. Yana tsaye yana saurare, yana ƙoƙarin ƙirga muryoyin, sai ya ji kare ya yi haushi sau uku a bayan gidan Virgil, wani mutum ya daka masa tsawa.

Virgil bai taɓa kiwon kare ba. Ko na wani ya gani, atishawa yake yi.

Da hantsi suka haɗu a shinge. Idanun Virgil sun faɗa, wandonsa har ya yi masa yawa.

"Na ji naka sun iso," in ji Odell.

"'Yan kaɗan. Naka ma na ji su tun ran Litinin."

"Haka ne. Af, Virgil, yaushe ka yi kare?"

Virgil ya dube shi. Ya dubi bokitin da ke bayan tanki. Kunnuwansa suka yi ja.

"Kai, amma kai mugun tsoho ne," ya ce a hankali. "Kwana biyu ban ci abinci ba. Har likita na kira."

"A wane shago ka saya?"

"Wanda ke bayan gidan mai. Matar ta ce ni ne dattijo na biyu a makon nan."

Suka yi tsaye, kowa na kallon sararin sama ta gefensa. Babu komai sai hankaka ɗaya.

"Lahadin nan ce Ista fa," in ji Odell.

"Na sani." Virgil ya sosa ƙeya. "Lurleen rabonta da gidan nan da rani ya kai shekara goma. Daga baranda, roba da tsuntsu duk ɗaya ne. Ka kunna abinka, ni zan zo in ba da shaida."

"Ranar Ista? Daga fitowa coci?"

"To ka tafi Springfield mana. Wa zan riƙa kayarwa duk shekara, fasto?"

Ran Lahadi iska ta juya cikin dare, gari ya waye da ɗumi. Lurleen ta iso bayan an taso daga coci, da gasasshiyar cinyar alade a faranti, da kwanon dankali da ƙwai, da kwalaye a ninke cike da bayan mota. Odell na sanye da kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa. Ya taimaka mata suka jera abinci a teburin bayan gida, kaset na ta aiki.

"Kina ji?" ya ce, bai kalle ta ba.

Virgil ya tsallako da sabuwar hula. "Lurleen, 'yata! Kin ga ikon Allah? Ran Alhamis suka sauka. Na ƙirga arba'in."

Odell ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ko dai ashirin. Sauran sun tafi kiwo."

Lurleen ta aje wuƙar da take yanka nama. Ta kare ido da hannu ta dubi turakun. Ta daɗe tana kallo.

"Masu natsuwa ne na bana," ta ce. "Wancan ma kansa a ƙasa, ƙafafu a sama."

"Gajiyar tafiya ce," in ji Virgil. "Brazil fa ba nan kusa ba."

Daidai nan kare ya yi haushi sau uku daga cikin bokiti, mutumin ya daka masa tsawa.

Lurleen ba ta ko juya ba. "Baba, ni na wanke gorunan nan tun ina 'yar shekara bakwai. Tsuntsaye sun dawo tun Alhamis, amma safa na nan a bakin kowane gora? A ina suke kwana, a aljihunka?"

Odell ya ɗaga kai. Safa ashirin da huɗu, kowace a mazauninta, igiyoyi na reto. Ya tuna da roba, ya tuna da kaset, ya tuna da mai shaida. Amma hannunsa bai taɓa cire safa ba tare da ya ga tsuntsu na gaske ba, don haka ko a ransa abin bai zo ba.

"Gwara za su shiga," ya ce da ƙaramar murya.

"Na sani, Baba."

"Roba ne. Guda shida. Na saya a shago." Ya cire hularsa ya aje a kan gwiwa. "Ba su zo ba. Na faɗi, kin ci. Kawo kwalayen."

Ta je bayan tanki ta zare wayar rediyon. Wurin ya yi tsit. Virgil ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce ƙurar furanni ce. Lurleen ta yi sawu biyu zuwa mota, ta jingina kwalaye a bangon sito. A sawu na uku ta tsaya a tsakiyar ciyawa da kwali a hammata.

"Baba, guda nawa ka ce ka saya?"

"Shida. Kar ki ƙara mini, don Allah."

"To ni bakwai nake gani."

"Ƙirga da kyau. Matar shida ta sa mini a leda."

"Na bakwan yana cin safarka."

A gora mai lamba tara, wani namiji ne ya maƙale a bakin ƙofa, ramamme, gashinsa a hargitse. Ya kama safar da baki yana fizga, ya saki, ya juyo ya dubi mutanen da ke ƙasa, ya zazzaga musu masifa da wannan murya ta ruwa a bakin kwalba. Babu kare a ciki.

Odell bai san lokacin da ya tsallake benci ba. Ya yi karo da kwali, ya kama igiya ya ja, ta lamba goma ce. Ya ja wata, ta lamba huɗu ce. "Tara, Baba, tara!" Lurleen na ihu, Virgil na ihu, shi kuwa ya rungumo igiyoyin gaba ɗaya ya fizge. Safa suka yi ta zubowa kamar 'ya'yan itace. Ɗaya ta sauka a hular Virgil, ɗaya ta nutse cikin kwanon dankali. Tsuntsun ya tashi ya yi kewaye biyu, ya dawo, ya leƙa lamba tara, ya shige. Can sai ga kansa a ƙofa, yana hararar robar da ke kusa da shi.

Odell ya zauna daɓas a ciyawa da kwat ɗin coci, yana haki.

"Nawa ne wannan," in ji Virgil, safa na reto a hularsa. "Na gane shi. Bara a hawa na uku ya zauna, ɗakin kusurwa. Kaset ɗinka ne ya ruɗe shi."

"An kashe kaset kafin ya sauka, maƙaryaci."

"Tun daga Arkansas ya jiyo."

Lurleen ta tsamo safar daga dankali da cokali mai yatsu, ta jefar. "Guda ɗaya ne tak, Baba."

"Cewa kika yi in sun zo. Ba ki faɗi adadi ba."

Ta dube shi, ta dubi kwalayenta. "Zuwa Agusta," ta ce. "Kuma gobe mai aiki zai zo ya sa wa matakalar nan abin riƙewa, ko ka so ko ka ƙi."

"Ya sa biyu ma."

Ta shiga sito. Ta ƙofar da ke buɗe yana hango ta tana laluben fensirin da ke rataye da zare, ta sunkuya ƙarƙashin rubutun uwarta ta sa tara ga Afrilu. Ta ɗan daɗe a ciki kafin ta fito.

Virgil ya ja faranti ya ɗibi nama, ya kauce wa dankalin. Ya ci loma biyu yana kallon otal ɗinsa ta saman shinge.

"Odell," ya ce, baki cike. "Robobin nan shida. Tunda ka gama da su."

"Biyar zan ba ka aro. Mai kai a ƙasa ya zauna, shi ya kawo sa'a."