Bakan Gizo a Hyattsville

Sharifa na kan tsani a wani gidan shayi na Hyattsville, kusa da Washington, tana goge gilashin taga, sai motar babanta ta tsaya a ƙofa. Hajiya Hasiya, maƙwabciyarsu, ce ta fara fitowa. Ita ce fa ta kai masa labari, wai 'yarsa ta mai da gidan shayin mutane coci.

Sharifa ta san abin da ya kawo shi. Ta bar karatun haɗa magunguna ta kama ƙawata ɗakuna, babanta Alhaji Muntaka kuwa ya ce zai ga aikinta na farko da idonsa. In bai yi masa ba, ta koma aji.

Ya shigo. Bango baƙi-baƙi, rufi can sama, ginshiƙai biyu sun lanƙwasa kamar baka sun haɗe da tsini a tsakiya. Rana ta ratso gilashi ja da shuɗi ta kwanta a ƙasa. Wurin tsit, har kana jin takunka.

"Ka gani ko, Alhaji?" in ji Hasiya. "Ƙararrawa kawai ta rage!"

Bai kula ta ba, ya dubi 'yarsa. "Ina kika ga wannan?"

Sharifa ta sauko ta rusuna. Ƙarya ta zo mata har leɓe, ta haɗiye.

"A babban cocin Washington, Baba. Na shiga kallon gini, na zauna, sai na ji hayaniyar kaina ta kwanta."

Hasiya ta gyara gyale, ta shirya kunne.

Alhaji ya ja kujera ya zauna, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya shekara talatin yana aiki a ƙarƙashin farar fitilar asibiti!

"Kakanki magini ne a Zariya," ya ce a hankali. "Haka zaurensa yake. Bakan gizo biyu na gini riƙe da rufi, taga ɗaya ƙarama, duhu mai sanyi. Nan yake kishingiɗa bayan azahar. Da hannuna na sa aka rushe shi, na zuba siminti da kwano. Ko hoto ban ɗauka ba."



Can ya nuna fitilar da ke bakin ƙofa. "Waccan ta yi haske da yawa. Rage ta."

Sharifa ta rage.

"Alhaji, to maganar cocin fa?" in ji Hasiya.

"Hajiya, zauna mana. Kin tare mini tagar."