Serah Ba Ta Cikin Hoto

Hansatu ta sake jan hoton da yatsu biyu, ya buɗe har fuskokin yaran suka dusashe, amma Serah ba ta ciki. Wata mata ta tsaya gaban teburinta tana taya tattasai, ta yi magana har ta gaji ta wuce gaba. Hansatu ko ɗago kai ba ta yi ba.

Serah 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, tana aji uku na ƙaramar sakandare a Kubwa. Makarantarsu ta kwashi yara zuwa Legas yawon buɗe ido, kuma malamar da ta raka su, Anti Cynthia, kamar ba ta da wani aiki sai zuba hotuna a guruf ɗin iyaye. Jiya kam Serah ce ta cika guruf ɗin. Ga ta a kan gadar igiya da aka ɗaura can saman bishiyoyi, ga ta tana ɓoye wa biri biskit, haƙora duk a waje. Yau kuwa ranar teku ce. Tun safe hotuna ke shigowa daga Badagry: yara cikin kwale-kwale da rigunan ruwa masu launin lemo, yara na kwankwaɗar ruwan kwakwa, wasu bisa doki a kan yashi, wasu sun naɗe wando suna gudu kumfa na bin su. Har Fortune, ɗan maƙwabtansu da ke gudun hoto kamar allura, sai da ya fito. Serah kuwa ko gefen hannunta babu.

Muhibba, mai busasshen kifi a teburin da ke kusa, ta karɓi wayar ta duba da nata idon. Ta ce wataƙila yarinyar na bayan wasu, ai gajera ce kamar uwarta. Ko kuma ta zaga bayi.

"Tun safe tana bayi?" in ji Hansatu.

Muhibba ta ce a kira malamar mana. To ai an kira! Hansatu ta kira har yatsanta ya gaji, wayar na shiga, tana ringin har ta katse. Abin da ya fi damunta shi ne, tana sauke wayar daga kunne sai ga sabon hoto ya faɗo, wani mai kamun kifi yana nuna wa yara ƙaguwa. Hannun da ke iya tura hoto ai yana iya ɗaga waya, sai dai in mai hannun ba ta so.

Ta san irin wannan shirun. Tana yarinya a ƙauyensu, ranar da rafi ya ci ƙaninta Jonah, tun da rana kowa ya sani ban da gidansu. Mata suka riƙa wucewa suna yi wa mahaifiyarta sannu da aiki, fuska a sake, wata ma har ta tsaya ta taya ta sussukar dawa. Sai da yamma fasto ya shigo da dattawa, kowa hula a hannu. Haka mutanensu ke yi, ba a jefa wa uwa irin wannan labari sai an tara waɗanda za su riƙe ta. Tun daga ranar, in mutane suka cika fara'a, Hansatu ba ta yarda da su.

Ta miƙe tana ɗaura zani. Ta ce wa Muhibba ta duba mata teburin, Kubwa za ta, wurin shugabar makaranta. In akwai wani abu, a gaya mata ido da ido. Muhibba ta ce haba Maman Serah, daga kasuwar Gudu har Kubwa saboda hoto? Amma da ta ga da gaske Hansatu take, sai ta miƙa mata jakarta da ta kusa mantawa.

Tasi ta sauke ta a Berger, ta faɗa bas ɗin Kubwa. Direban kuwa, Allah ya shirye shi, ya rantse ba zai motsa ba sai kujerar ƙarshe ta cika, kwandasta na ta kwarara ihu a bakin ƙofa. Hansatu na matse a tsakanin wani ma'aikaci mai taye da wata tsohuwa da ta rungumi buhun garin rogo. Zufa na bin bayanta.

Da ma ita ba ta so tafiyar nan ba. Serah ce ta nace. Yarinyar da ko dam ɗin Usuma ba a taɓa bari ta leƙa ba, ita ce ta liƙe hoton teku daga tsohuwar kalanda a jikin bangon ɗakinsu, tana karanta wa uwarta sunayen kifaye alhali uwar na gyangyaɗi. Da Hansatu ta ce babu inda za ta, Serah ba ta yi rashin kunya ba, abinci kawai ta daina ci sosai. Sai da matar fasto ta sa baki. Hansatu ta yarda, amma da sharaɗi: ta ɗauko Littafi Mai Tsarki, ta sa yarinyar ta ɗora hannu ta rantse ba za ta je kusa da ruwa ba. Serah ta kalle ta kamar za ta ce wani abu, sannan ta rantse.

Yanzu a cikin bas wannan rantsuwar ce ke cin ta. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, ga ƙawaye na ja, ga ruwa na kira, wa zai tuna da wata rantsuwa? Ta karya, shi ke nan, ta shiga. Kuma ita Hansatu da hannunta ta ɗora mata abin da zai bi ta. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke sa mutum ya manta yadda ake addu'a. Yesu kawai take iya cewa, tana maimaitawa ƙasa-ƙasa. Tsohuwar da ke gefenta ta dube ta, ta gyara buhunta don ta ba ta wuri.

Sun wuce Gwarinpa ke nan wayar ta yi ƙara a cinyarta. Anti Cynthia. Hansatu ta zuba wa sunan ido, ta kasa taɓawa, sai da mai tayen ya ce madam, wayarki fa.

Muryar malamar ta zo cikin iska da hayaniyar yara. Ta ba da haƙuri da Hausarta ta 'yan Abuja, ta ce wayar a silent take, hoto kawai take ɗauka, yanzu ta ga kira rututu har ta tsorata.

"Ina Serah?" Hansatu ta katse ta.

"Serah yana lafiya, Mama. Yana cikin mota."

"Wace mota? Ta asibiti?"

"A'a, bas namu. Tun safe ya ƙi sauka."

Malamar ta ce babu irin lallashin da ba su yi ba. An ce ta zo ta tsaya nesa, ta ƙi. An ce ko kwakwa ta sauko ta sha, ta ce a miƙo mata ta taga. Wai ta yi wa mamanta alkawari da Littafi, kuma ba ta san daga ina kusa da ruwa ya fara ba, gara ta zauna inda ta tabbata. Direba ya faka a bayan itatuwan kwakwa, daga nan ba a hango komai sai katanga. Yanzu haka ma sun fara tattara yara, don gobe da sassafe za su kamo hanyar Abuja.

Daɗi ya zo wa Hansatu. Kafin ta gama jin daɗin kuma wani abu mai ɗaci ya biyo baya, don ta hango yarinyar ita kaɗai cikin bas mai zafi, yini guda, tana jin ihun 'yan ajinsu. Ta ce a kai wa Serah wayar.

Ta ji takun malamar, ta ji an ja ƙofar mota.

"Mama, ban je ba," in ji Serah, muryarta a dushe. "Wallahi ban je ba. Ƙararsa kawai nake ji."

Bas ɗin Kubwa ya yi tsit, har kwandasta ya daina kaɗa canji. Hansatu ta runtse ido. Abin da ranta ke so ta faɗa a fili yake: yauwa 'yar albarka, zauna nan har a dawo min da ke. Kalmomin na bakin harshenta, kuma ta san in ta faɗa yarinyar za ta zauna.

"Sauka ki je," ta ce.

"Rantsuwar fa?"

"Ni na ɗora miki, ni na sauke. In da laifi, a wuyana. Ki riƙe hannun Anti, kin ji? Iya idon sawu. Kuma kar ki kashe wayar."

Sai ƙarar takalmi a kan tsakuwa, sannan takun ya nutse, alamar an shiga yashi. Numfashin yarinyar na sauri. Wata ƙara ta fara tasowa daga nesa kamar tirela na tahowa, ta yi girma, ta fashe, ta ja baya, ta sake tasowa. Hansatu ta damƙe ƙarfen kujerar gabanta har jijiyoyin hannunta suka fito. Tsohuwar ta ɗora tafinta a kan gwiwar Hansatu.

Serah ta yi wata 'yar ƙara, Hansatu ta zabura har kanta ya bugi rufin mota. Ashe dariya ce.

"Sanyi gare shi, Mama! Yana janye yashi a ƙarƙashin ƙafata." Sannan a hankali ta ce, "Mama, ba shi da ƙetare. Na duba, babu ɗaya gefen."

"Kina riƙe da hannun Anti?"

"Ina riƙe."

"To ci gaba da kallo."

Kwandasta ya kira mahaɗar da take sauka, ya sake kira yana dubanta. Hansatu ba ta ce a tsaya ba. Wayar na manne a kunnenta, idonta a rufe, hannunta na kan ƙarfen, bas ya wuce da ita.