Adireshin Tsohon Gida

Mashkura ta fi kowa lissafi a aji uku na jami'a, amma kalma ɗaya ta tsaya mata a wuya. Malaminsu, Dakta Alexander, ya sa sunanta cikin ɗalibai biyar da za su yi hutu suna aiki da manyan malamai a kan lambobin da ba sa rabuwa. Saura fom kawai: sa hannun uba, da adireshin gidan da za a aiko da takardar gayyata. Ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Da bakinta ta jawo wa kanta. Mahaifinta, Malam Lukmanu, yana goge takalma a rumfarsa ta kasuwar Karmo, ya tambaye ta me aka rubuta a saman fom ɗin. Ita kuwa sarkin gaskiya ta fassara masa tsaf: bincike.

Ya ajiye burushi. Shekara huɗu da suka wuce wasu masu fom sun zo tsohuwar unguwarsu, suka ce bincike kawai suke yi, suka rubuta lambar kowane gida. Wata bai cika ba katafila ta zo. Yanzu katangar wani babban gida ce a wurin, har da furanni.

"Baba, wannan binciken lambobi ne," in ji ta.

"Su ma lambobi suka rubuta."

Ta koma ta ce nazari ne, ta ce karatu ne mai zurfi. Ina! Kalmar farko ta riga ta shige masa kunne ta zauna daram. Kwana uku tana yawo da fom a jaka har gefensa ya nannaɗe. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don ta san ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma ita ma ta kwana a kan buhunan kayansu a waccan shekarar.

Ranar Juma'a da hantsi ta tsaya a bakin rumfa da fom a hannu. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo hannu. Ya sa hannu da ajami, a hankali. Har ta fara murmushi sai ya dafe layin adireshi da yatsa.

"Nan kuma ki rubuta tsohon gidanmu."

"Baba, can fa za su kai takardar. In ba ta same ni ba, wani za a ba gurbina."

"Ƙannenki shida ne a ƙarƙashin kwanon gidanmu na yanzu, Mashkura. In sun zo binciken, su je su rushe wanda suka riga suka rushe."

Ya tsaya a kanta har ta rubuta. Hannunta bai manta ba, har lambar gidan: goma sha bakwai.