Ƙanzon Tukunyar Hajiya

Ƙarar cokali a gindin tukunya ta cika bayan kicin, ƙarr, ƙarr, kamar ana fafe ƙwarya. Inna Hajara ta matse tukunyar tsakanin gwiwoyinta, tana ɓamɓaro wake da naman da suka kama, tana tarawa a faranti. Ko ɗan ɓarɓashi ya faɗi ƙasa sai ta tsince shi ta hure.

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na bayan Bilbis, suka kashe ɗanta Bashiru a bakin gona. Ta iso Gusau da surukarta Hafsat da jikoki uku, suka raɓe a wani kango a Damba. Wanke-wanke take yi a gidan Hajiya Mansura, amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, ƙanzo ne ke riƙe da su. Kullum ta kankare ta shanya, Hafsat ta jiƙa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, yara su kwanta da wani abu a ciki.

Wannan tukunyar kuwa daga Umara Hajiya ta zo da ita. Ba ruwanta da itace ko gawayi, a bango ake jona ta, ta yini tana dahuwa a hankali. Jiya aka manta da ita har ruwan ya ƙone. Da safe Hajiya na ɗaura ɗankwali za ta biki garin Furfuri ta ce, "Inna, ki ciro tukunyar da ke ciki, ki zuba ruwan ɗumi da garin sabulu ki bar ta ta jiƙa. Ƙanzon zai saki da kansa."

Sabulu a kan wake da nama? Yaushe rabon jikokinta da jin ƙamshin nama? Hajara ta ce to da baki, zuciyarta ta ce a'a. Bari ta kwashe abincin tukuna, sabulu ya biyo baya.

Da ta gama karta sai ta ga fararen layuka a baƙin gindin tukunyar. Ta kai ido kusa. Ashe fara ce! Ashe duk baƙin nan dauɗa ce ta taru! Har tausayin Hajiya ya kama ta, mutanen birni da kuɗi amma ba a iya wanke tukunya ba. Ta ɗebo toka da rairayi, ta samo soson buhu, ta duƙufa. Aka kira azahar tana dirza, yatsunta suka yi jawur. Sai da ta ga fuskarta a ciki ta bari.

* * *

"Innalillahi! Inna, mi na miki?" Hajiya Mansura ta tsaya da mayafi a hannu, tana duban tukunyar da aka kife mata a bakin ƙofa don ta fara gani.

"Wanke ta na yi, Hajiya. Dubi yadda ta fito."

"Baƙin da kika kankare shi ne tukunyar! Shi ke hana abinci kamawa. Ba na ce ki jiƙa ta da sabulu ba? Kunnenki a ƙauye kika baro shi?"

Hajara ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ƙara. Ta san ta yi ɓarna, amma maganar ƙauye ta sosa mata inda bai warke ba.

"Kunnena na nan. Gidana na baro, da rumbu biyu, da kabarin ɗana. Na ji abin da kika ce. In na zuba sabulu, mi za a ci?"

"A ci mi?"

Hajara ta nuna farantin da ke shanye a kan katanga.

"Shekara biyu ina kankare miki tukwane, kin taɓa tambaya ina ƙanzon ke zuwa?"

Hajiya ta dubi farantin, muryarta ta sauka. "Na ɗauka kaji kike kai wa."

"Kaji uku ne, Hajiya. Babbar sunanta Halimatu Sadiya, bana ta isa shiga makaranta."

Hajiya ba muguwa ba ce, kunya ce ta rufe ta, ita kuwa kunyar mai abu sau da yawa a kan talaka take hucewa. Ta shiga ɗaki ta fito da ledar shinkafar biki, ta miƙa ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Ki je ki huta, Inna. In raina ya yi sanyi zan aiko."

"Ki kore ni da baki sosai, in san matsayina."

Hajiya ta saki labule.

* * *

Ƙanzon ya yi musu kwana uku. Aike bai zo ba. A rana ta takwas Hajara ta yafa gyale ta nufi gidan, ta shirya maganarta tun daga hanya, yau sai an faɗa mata laifin da ya fi yunwa girma.

Ba ta kai ga sallama ba. A gindin katanga, inda kwatar gidan ke fitowa titi, ruwan wanke-wanke na gangarowa. Wata ce ke aikin yanzu, mai jin magana. Hajara ta tsaya tana kallon kumfar sabulu fara tas, da ƙwayoyin shinkafa da wake suna bin ta ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin lambatu.