Littafin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

"Yaya, hayaƙi! Cire wayar!"

Mai Rediyo ya fizge fulogin daga soket. Ƙaurin roba ya cika shagon. A cikin tsohuwar rakodar mahaifinsu kaset ya maƙale, kuma shi kaɗai ne ya rage da muryar marigayin. In zafi ya taɓa zaren, shi ke nan.

"Shekara talatin kana cika baki wai da kunne da hanci kake gyara," in ji Auta, ƙanwarsa, tana fifita rakodar da mayafi. "To hancin ya ji?"

"Ke dai yi mini shiru."

Ya buɗe bayan rakodar. Rezista ɗaya, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya ƙone ƙurmus, launukan jikinsa da ke nuna ƙarfinsa sun goge. Shi da hannunsa ya saka shi tun yana saurayi, da ka kawai, bai duba lamba ba.

"Ina littafin da ya zo da ita?" in ji Auta.

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Auta ta bi idonsa. Littafin gyaran ne ke tokare da gajeriyar ƙafar teburin, ya sha ƙura har ya yi baƙi.

"Wallahi Yaya ba ka da dama!"

Ta ɗaga teburin tana nishi, ya zaro shi. Ga zanen wayoyin dalla-dalla, kowane abu da lambarsa. A gefen shafi kuma rubutun Baba ne da fensir: "Yaron nan ya sa ƙarami a nan. A canza."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Shi ma ya dara, amma sai da ya goge tabarau sau biyu kafin ya ga lambar. Ya ɗauko rezistan da ya yi daidai, ya ɗiga dalma, ya jona wuta.

Kaset ya juya. Muryar Baba ta fito tangaran, yana faɗan wa ya taɓa masa kayan aiki. Suka zauna a benci suna saurare, teburin na ta rangaji, ba wanda ya kula.

Sai inuwa ta rufe ƙofa. Wata doguwar mata ce, rungume da ƙatuwar rediyo da ta babbake rabi.

"Kai ne ka gyara wannan da daɗewa?" ta ce. "Jiya ta cinye mini labule."