Sahura Ta Je Gaisuwar Iya

Sahura ta dawo Dogon Dutsi daga Arlit da yara biyu da buhun dabino da ciwon baya. Tun da ta bar makarantar lise aka kai ta can aure, sau ɗaya ta taɓa zuwa gida, shi ma a gurguje. Wannan karon mijinta ya ce ta zauna har ta huta.

Ba ta huta ba. Washegari da safe, tana cikin shan kunu, Inna ta fara jero mata gidajen da aka yi rashi ba ta nan. Wanda ya daɗe a tafiya, kafin ya shiga yawon zumunci, sai ya fara biyan gaisuwar mutuwa. Inna ta fara da gidajen dangi, ta bi ta maƙwabta, ta ƙare da gidan su Afra'u.

Sahura ta ajiye ludayi.

Afra'u ƙawarta ce, benci ɗaya suka zauna tun daga koleji har lise. Uwar Afra'u, wadda kowa ke kira Iya, ta rasu fiye da shekara. Sahura ta ji labarin a waya ranar da abin ya faru. Ta ce za ta kira da yamma in mutane sun ragu. Da yamma ta ce gobe. Da aka yi sadakar bakwai sai ta ga kiran ya makara, dole a haɗa shi da dalili. Da aka yi arba'in, dalilin ma ya makara. Afra'u ba ta yi mata ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ta dai daina aiko mata hotunan yara, kuma in Sahura ta yi gaisuwa a gurup ɗin 'yan ajinsu, kowa ya amsa ban da ita.

"Da kuka za ki shiga," in ji Inna. "Tun daga zaure. Matar ga ta ciyar da ke ta shayar da ke. In kinka shiga ido busasshe kamar wadda ta zo aron turmi, kada ki ce ni na haife ki."

"Inna, in bai zo ba fa?"

"Kira shi za ki yi. Mu da mi muke yi?"

Inna ta ajiye ƙwaryarta, ta ɗora hannu biyu a ka, ta saki wani kuka da ya watsa kajin tsakar gida. Ƙaramin yaron Sahura ya ruga ɗaki. Inna ta share ido da bakin zane, ta ɗauki ƙwarya.

"Haka," ta ce. "Miƙo mini sukari."

Sahura ta zagaya bayan ɗaki ta gwada. Ta ɗora hannu a ka, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai hamma. Ta sake gwadawa, ta tuno fuskar Iya, sai ta ga fuskar tana dariya. Ta haƙura, ta yi wanka, ta ɗebi dabino a leda, ta bi ta kasuwa don ta ƙara da sabulu.

A layin masu atamfa aka ƙwala mata kira.

"Promo, 'yar ajinmu! Ke, 'yar Arlit!"

Asiya ce, wadda ta fi kowa surutu a ajinsu, yanzu ita ke koyar da 'yan firamare tana hana su surutu. Tana zaune a shagon Hanifa, wata 'yar ajin nasu mai sayar da hijabai da safa. Suka rungume ta, suka juya ta gaba da baya kamar za su saye ta.

"An ce ku can uraniyom kuke sha a ruwa," in ji Asiya. "Ga shi ko ƙyalli ba ki yi."

"Wannan ƙibar duk taki ce, ko wani ya ba ki ajiya?" in ji Hanifa.

Sahura ta yi murmushi ta dubi ƙasa. A makaranta ma haka take yi, su yi maganar, ita ta yi murmushin. Suka zaunar da ita a kan kujerar roba, suka ba ta labarin kowa. Wanda ke kwafar lissafi a wurinta ya zama jandarma. Malaminsu, Mushen Faransanci, ya yi ritaya yana kiwon zabi a hanyar Kiéché, an ce har yanzu in zabo ya tsallake shinge sai ya ba shi gargaɗi uku kafin ya jefe shi.

"Ina zuwa da sabulu haka?" Hanifa ta tambaya.

"Gidan su Afra'u."

Suka dubi juna. Asiya ta gyara ɗaurin ɗankwali, abin da take yi ke nan in magana ta fi ƙarfinta.

"Sai yanzu?" ta ce.

"Sai yanzu."

"To, abu ɗaya," in ji Hanifa. "Kada ki yi kuka. Afra'u ta yi nisa a Islamiyya, ba ta yarda da ihu a kan mamaci. Ranar da anka yi rashin, gwaggonta ta zo daga Matankari tana kururuwa tun daga bakin titi. Afra'u ta kama hannunta, ta mai da ita zaure, ta ba ta ruwa, ta ce in ta gama ta shigo."

"Ta shigo?"

"Ina fa. Ta yi fushi ta hau kabu-kabu ta koma Matankari. Mai babur ɗin ya ce a hanya ta ƙarasa kukan, a kunnensa."

Sahura ta ji wani sanyi a ranta. Tun safe ake sa ta abin da ba ta iya ba, yanzu an ba ta wanda ta iya.

Gidan su Afra'u yana nan yadda ta bar shi, da bishiyar bedin da ke ƙofa da zauren ƙasa mai duhu. Afra'u tana da gidan aurenta, amma tun bayan rashin nan take wuni, tana kula da mahaifinsu. Sahura ta yi sallama a hankali ta shiga. Ta same ta a gindin rumfa da hijabi har ƙasa, tana tsince zogale a cikin faranti.

Afra'u ta ɗago kai ta dube ta. Ta tashi ta shimfiɗa tabarmar baƙi, ba wadda take zaune a kai ba, ta kawo ruwa a kofin gilashi.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Kun zo lafiya? Ya maigidan naku?"

Tunda suke, Afra'u ba ta taɓa ce mata "ku" ba. Sahura ta sha ruwan duk da ba ta jin ƙishirwa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Iya, ya yi mata rahama."

"Amin."

"Allah ya sa ta huta."

"Amin. Mun gode."

Sahura ta lalubi sauran abin da ake faɗa, ta ga ta faɗe shi duka. Ta tura ledar dabino da sabulun gaba. Afra'u ta sake cewa sun gode, ta koma kan zogalenta. Ganye ya riƙa faɗawa cikin faranti. A ɗakin kusa tsohon ya yi tari ya sake yin shiru.

Gaisuwa dai ta yi kyau, ba wanda zai ce an yi kuskure. Sahura ta san kuma in ta fita daga gidan nan yanzu, nan gaba iyakarsu su haɗu a biki su ce sannunku. Ta jawo takalminta da ƙafa, tana jan lokaci.

"Mai kawo mana ruwa a kura ma ya yi hawaye," in ji Afra'u, ba ta ɗago ba.

Sahura ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin takalmi.

"Su Hanifa sunka ce kin hana."

"Ihu na hana, da birgima. Wa ya hana hawaye?"

"Inna kuma ta ce in yi ihu."

"Inna ta ce, Hanifa ta ce. To mi kinka ce?"

Sahura ta dubi ƙasa. Murmushin ma bai zo ba.

Afra'u ta karkaɗe hannunta. "Tashi ki fita ki sake shigowa. Wannan shigowar ba ta karɓu ba."

Sahura ta tashi, ta sa ɗayan takalmin, ta fita. Ta tsaya a bakin zaure cikin rana. Ta ɗora hannu biyu a ka yadda Inna ta nuna. Wani mai amalanken jaki ya rage tafiya yana kallonta, har jakin ya juyo. Ta sauke hannun. Ta yanke shawara ta yi sallama kawai ta shiga, in an sake koro ta ta tafi gida.

Ta shiga zauren, ta buɗe baki za ta yi sallama. Amma bakin ya saba da wata magana a wannan wurin. Kullum safiya, shekara da shekaru, nan take tsayawa da jakar littattafai ta yi kira, Iya ta amsa daga madafa cewa wace irin shiryawa, yarinya tana can tana neman takalmi, ta shigo ta ci wani abu tukuna.

"Iya," Sahura ta ce da ƙarfi, "Afra'u ta shirya?"

Ba wanda ya amsa daga madafa.

Ta jira, kamar wadda ba ta san dalili ba. Sai abin ya taso mata daga ciki. Ba irin na Inna ba ne, ba shi da tsari, ba kuma irin wanda Afra'u ta yarda da shi ba ne, don ya fi hawaye ƙara. Ta jingina da bangon ƙasa, hanci na zuba, tana wani sauti mai kama da shaƙuwa.

Afra'u ta fito zauren. Fuskarta a jiƙe take, ta bar ta haka.

"Ƙasa-ƙasa," ta ce. "Baba na barci."

Sahura ta gyaɗa kai, amma abin bai ragu ba.

"Ke dai har gobe ba ki iya yin abu a kan lokaci." Afra'u ta kama wuyan hannunta. "Kin cika mana zaure. Nan za ki ci tuwo yau, ki aika a kawo yaran in gan su."

Sahura ta ce ba ta gama ba. Afra'u ta ce ta shigo ta gama a ciki.